Yadda Na Kai Ƙarshen Duniya Kanada a Cikin Bututu

Daga Pleasant Garden har McLeansville, a nan jihar Carolina, kai ko ka haɗa da jihohin da ke maƙwabtaka da mu, babu mai jin Hausa da ya san dabbobin wahayi kamar ni, Iliya. Ka tashe ni daga barci ka tambaye ni ƙahoni nawa ne a kan dabba ta huɗu, zan ƙirga maka su, in gaya maka ƙasar da kowane ƙaho yake nufi, in koma barcina ban buɗe ido ba. Shi ya sa 'yan zumuntarmu ke ce mini Sarkin Ƙaho. Su da ba'a suka fara, ni kuwa na karɓa a matsayin sarauta.

Tun da na dawo daga Kanada ba a bar ni na ci abinci cikin natsuwa ba. Wannan ya ce wai da gaske an tsare ni a kan iyaka, wancan ya ce wai na kashe wa Bayahude tukunya. To ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da tuwona.

Sai na fara da ƙyallen, don wanda bai taɓa zuwa nazarinmu na ranar Laraba ba. Farin yadi ne, yadi tara, na zana shi da fentin gida a garejina. Daga hagu akwai dabbobi huɗu na wahayin annabin nan da aka jefa ramin zakuna, sai dawakai da ƙahonin busa na littafin ƙarshe, sai birnin da zai sauko daga sama can a gefen dama. A ƙasa kuma na ɗinka wani siririn layi na shekaru, da jar kibiya mai nuna shekarar da komai zai ƙare. Sau uku ina matsar da kibiyar. Ban taɓa kuskure ba, duniya ce take makara. Ƙaramin fastonmu, wanda ya yi makarantar tauhidi, ya sha gaya mini cewa an rubuta littattafan nan ne don ƙarfafa mutanen da Girkawa da Romawa suka danne. Na ce masa na ji, amma Romawa sun mutu, ni kuwa kullum na kunna labarai ina jin numfashin dabbar.

Ranar wata Laraba ina sito, inda nake aikin lodin kujeru, sai ga wayar Larai daga Toronto. Larai matar Dogara ce, Dogara kuwa tare muka yi kiwon awaki a ƙauyenmu, rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi ɗaya. Ba ta ko gama gaisuwa ba ta ce, "Yaya Iliya, ka zo ka kwance abin da ka ɗaura."

Jijiyoyin zuciyar Dogara uku sun toshe. Likitoci sun ce sai tiyata, shi kuma sau biyu yana ƙin sa hannu. Litinin mai zuwa ce ta uku, in ya sake ƙi za a ba wani gurbinsa, kuma likitan bai ɓoye musu ba cewa zuciyar ba za ta daɗe tana jira ba.

"Me ya ce dalilinsa?"

"Ya ce kibiyarka a kan bana take. Wai me zai sa a tsaga masa ƙirji saboda 'yan watanni."

Na ce, "Ni duniya na ce za ta tashi, ban ce Dogara ya riga ta ba."

Da na gaya wa Talatu, matata, ta haɗa mini jaka ta ce abu ɗaya take roƙo, in bar ƙyallen a gida. Na ce soja ba ya zuwa daga ba makami. Na naɗe shi na zura a cikin farin bututun ruwa da nake ajiye shi, mai murfi gaba da baya, wanda na rubuta wa ƘARSHEN DUNIYA da jan fenti, da Hausa da Turanci, don kada yara su yar da shi.

Motata ba ta kai Virginia sai da addu'a, don haka na nemi Alhaji Sumaila, abokin aikina, mutumin zongon Kumasi, wanda yake da babbar mota da kuma ƙanwa a Toronto. Muka ɗau hanya Alhamis da safe. Alhaji yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Wata tsohuwa ta wuce mu a kan tudu, ta juyo ta dube mu da tausayi.

A West Virginia mutanen ba sa zagaye dutse, huda shi suke yi su bi ta ciki. A gida da an yi shekara talatin ana aza harsashin ramin. Mun tsaya a wurin hutawa Alhaji ya yi sallah ina tsare masa takalma, sannan ya buɗe kular matarsa, wake da shinkafa da baƙin yajin nan nasu da suke ce wa shito. Na ci cokali uku na ga dawakan nan huɗu da idona.

Ina share hawaye na ce, "Alhaji, ku ma ai kuna da alamomin tashin kiyama."

Ya ce, "Muna da su, abokina, da yawa ma. Kibiya ce ba mu da ita."

Mun kwana a wani ɗan otal kusa da babban tafkin nan na Pennsylvania. Da safe aka ce kowa ya toya wainarsa da kansa a wani ƙarfe mai rufewa. Na cika shi da ƙullu har baki, yadda ake yi wa baƙo a gida, ƙullun ya bi tebur ya sauka ƙasa ya nufi ƙofa. Na gaya wa mai otal ɗin a ƙasarmu wanda ya biya kuɗin ɗaki ba ya shiga kicin.

Kan iyaka muka isa da hantsi. Kafin mu kai taga Alhaji ya ce, "Malam Iliya, abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, kalma ɗaya ko biyu." Na yi alkawari. Jami'ar ta karɓi fasfo, ta tambayi inda za mu da kwana nawa za mu yi, duk na amsa a taƙaice. Sai ta leƙa baya ta ce mene ne a cikin bututun can.

Na ce, "Ƙarshen duniya."

Kalma biyu ce, yadda aka umarce ni. Alhaji ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya ce da Hausa, "Ni da gemu da hula, kai da baki. Allah ya haɗa mu."

Aka ce mu faka a gefe, mu fito, mu bar komai. Aka kawo kare ya shinshina motar, ya kai hanci kan kwalbar shito, ya yi atishawa ya ja da baya. Daga ƙarshe aka buɗe bututun a wani ɗaki, jami'ai uku suka riƙe ƙyallen ya kai bango zuwa bango. Ni kuwa ban taɓa samun masu riƙe mini shi da kaki ba, sai na gyara murya na fara daga zaki mai fikafikai. Na kai kan damisa mai kai huɗu wani saurayi a cikinsu ya ce me ya sa ta yi kama da akuya. Na ce masa dabbar da na fi sani ke nan. Bayan awa biyu suka sallame mu, babbar cikinsu ta ce nan gaba in aka tambaye ni in ce zane ne kawai. Na ce mata ba kawai ba ne. Alhaji ya ja ni da hannun riga.

Dogara da Larai suna haya a ƙasan wani gida a arewacin birnin. Da na ga Dogara sai ba'ar da na shirya tun daga Greensboro, babban garin yankinmu, ta maƙale mini. Mutumin da yake ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, yanzu daga kujera zuwa ƙofa sai ya tsaya ya huta. Ya ce, "Sarkin Ƙaho, an turo ka ke nan." Na ce yawon buɗe ido na zo. Ya ce to in buɗe, amma kada in yi masa maganar asibiti.

Alhaji ya wuce wurin ƙanwarsa. Ni kuma da yake ɗakinsu ƙarami ne, mai gidan ya ba ni ɗaki a sama. Tsoho ne Bayahude, malamin makaranta da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Ya ce sunansa Aharon, na ce ai Haruna ke nan, muna da su da yawa a gida. Daga ranar ya zama Baba Haruna.

Abin da Larai ta manta ba ta gaya mini ba shi ne, daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito ranar Asabar, mutanen nan ba sa kunna wuta, ba sa kashewa, ko makunnin fitila ba sa taɓawa. Mu ma muna cewa Lahadi ranar hutu ce, amma kakata da ta dawo daga sujada turmi take jawowa. Su nasu hutun ba wasa a ciki. Abincin Asabar tun Juma'a ake ɗora shi a kan murhun lantarki, ya kwana yana nuna a hankali.

Da magariba Baba Haruna ya sa baƙar kwat ya tafi majami'arsu a ƙafa. Na shiga kicin neman ruwa, sai na ga tukunya a kan wuta babu kowa a gida, ga fitilar banɗaki a kunne, ga ta baranda. Duk wanda ya tashi inda ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama ya san gidaje nawa suka ƙone ta haka. Na zare wayar murhun, na bi fitilun na kashe. Kyandir biyu da ke kan tebur na bar su, na gane na addu'a ne, ni ma ai ba jahili ba ne.

Baba Haruna ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Gidan ya yi duhu yau."

Na ce, "Ba komai, Baba, ba sai ka gode ba."

Ya ce, "Akwai 'yar matakala a hanyar banɗaki, tana da wuyar gani."

Na ce, "Ka riƙa bin bango."

Sai da safe Larai ta bayyana mini, tana riƙe da kai, cewa dokarsu ta hana shi ya ce mini kai tsaye in kunna, sai dai ya yi ta zagaye ko zan gane. Naman da 'yarsa ta ɗora masa kuwa ya kwana a sanyi, sai zubarwa. Na hau sama na durƙusa yadda ake yi wa babba a gida. Ya ce in tashi in zauna mu ci abin da ya rage. Muka ci burodi mai kitso da kifi mai gishiri da dafaffen ƙwai. Ya ce, "Shekara arba'in ban ci abincin Asabar da sanyi ba, sai da aka aiko mini mai taimako daga Carolina."

Don in wanke kaina na ɗauko bututun na shimfiɗa ƙyallen a falonsa. Na zaci zan koya masa. Sai tsohon nan ya tsaya a kan dabba ta fari ya rufe ido ya karanto wurin da ka, da harshen da aka fara rubuta shi, har ya kai ta huɗu. Ya ce malamansu na dā sun ce Babila ce, da Farisa, da Girka, da Roma, kuma bayan Roma ta faɗi duk wanda ya taka su sai su ce ta huɗun ce ta sake fata.

Na ce, "Ka ga, ashe ka yarda da ni tana nan da rai." Ya ce a kan wannan mun daidaita.

Inda muka rabu shi ne kan mai kama da ɗan mutum da ya zo a cikin gajimare. Na ce Almasihu ne, ya zo, zai kuma dawo. Ya ce wasu malamansu sun ce Almasihu ne da bai zo ba tukuna, wasu sun ce jama'ar ce kanta da aka danne za a ɗaga. Muka yi awa guda, ban matsa ba, bai matsa ba. Ya ce, "To duk a tasha muke. Kai kana jiran wanda ya yi tafiya, ni ina jiran baƙo."

Sannan ya ɗora kan sandarsa a kan kibiyata. Ya ce magabatansu sun yi kakkausar magana a kan masu lissafin ranar, domin kafin ta zo mutane sukan ajiye aikinsu, in ta wuce kuma su ajiye begensu. Ya ce duk da haka manyan malamai a cikinsu sun yi lissafin, don in wahala ta yi yawa mutum yakan so a gaya masa ranar sallama. "Wannan ta nawa ce?"

Na ce, "Ta huɗu. Kuma ba na janyewa."

Bai yi gardama ba. Ya ce mahaifinsa ya fito daga yaƙin Turai shi kaɗai a cikin danginsa, babu haƙori ko ɗaya a bakinsa. Shi ma ya san dabbobin nan da ka, ya kuma gaskata ƙarshe ya kusa. Amma abin da ya fara yi da ya sami aiki shi ne ya je aka sa masa haƙora. Mahaifin ya ce waɗanda suka so ya bar duniya ba za su ji labarin yana shan kunu a cikinta ba, nama zai ci.

Lahadi bayan sujada na sauka da bututuna. Larai ta riƙe gefe ɗaya, na ɗaure ɗayan a jikin firiji. Dogara ya ce, "Na san shi. Hotonsa yana wayata."

Na ce, "Dogara, tsakaninka da Allah, kibiyar nan ce ta hana ka?"

Ya kawar da ido daga ƙyallen. Sannan ya ce, "Danladi bai kai arba'in ba." Danladi ƙanensa ne. Shekara biyu ke nan da masu bindiga suka shiga ƙauyenmu, suka ƙone rabinsa, suka kashe shi a rumfar injin niƙansa. Dogara ya ce, "Da ka ce bana ce, daɗi na ji, Iliya. Na ce gara a naɗe ta kowa ya huta. Yanzu ka zo ka ce mini ƙarya ka yi?"

Na ce, "Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Amma taso ka dubi abin da na zana, tunda kai layin ƙasa kaɗai ka karanta."

Ya taso da ƙyar. Na bi da shi daga hagu. Na nuna masa kowace dabba, na ce ya dubi jan layin da na ja a wuyanta. Duk haƙoransu, babu wadda ta kai gefen dama. Na ce littafin nan ba a rubuta shi don mutane su kwanta ba, waɗanda ke cikinsa a tsaye suke, shi ya sa dabbar take jin haushinsu. Muka kai birnin. Ni ban taɓa ganin birnin zinariya ba, don haka da na zo zana shi abin da na sani na sa. Ga tsamiyar bakin kasuwa, ga cocinmu mai rufin kwano, ga rafi. Dogara ya matso da fuska, ya ɗora yatsa a kan wata 'yar rumfa mai baƙin hayaƙi.

Ya ce, "Injin Danladi ne wannan."

"Shi ne. Tun yana raye na sa shi."

Na ce, "Waɗanda suka shigo ƙauyen nan so suke mu ragu. Sun ɗauki ɗaya da bindiga, kai kuma za ka ƙara musu ɗaya kyauta, daga Kanada, ba su ko sayi mai ba? 'Ya'yan Danladi huɗu kai suke ce wa Baba. Ko gobe za a busa ƙahon, a same ka da zuciyar da ke bugawa, kana yi musu faɗan makaranta."

Yatsansa na nan a kan rumfar. Na ce wa Larai ta ba ni almakashi. Na kama layin shekarun daga wannan gefe na yanke shi har wancan, da kibiyar da komai, na miƙa mata. Ina so a rubuta wannan da kyau, don na ji ana yaɗa wata magana a Greensboro. Ban ce na yi kuskure ba. Ƙyallen ne ya yi faɗi, ba ya shiga bututu da daɗi.

Litinin da safe Alhaji ya zo ya kai mu asibiti, a hankali yadda ya saba, har Dogara ya ce in ba a ƙara gudu ba zai mutu da tsufa kafin a kai. Ya sa hannu a gabana. Da za mu tafi na hau na yi wa Baba Haruna sallama, ya ba ni kwalbar kifin nan, ya ce in na sake zuwa in zo ranar Talata.

An yi tiyatar bayan mako biyu, ta yi kyau. Larabar da ta biyo baya muka taru a gidan wani ɗan'uwa a McLeansville, falo cike, har da ƙaramin fasto. Na ba su labarin yadda na tsallaka ƙasa, na koyar da jami'an iyaka, na kai malamin Yahudawa bango, na ceci rai da fassarar nassi. Don kada a ce na ƙara gishiri, na kira Dogara na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na ce ya gaya wa jama'a da bakinsa wace magana ce a cikin maganganuna ta sa ya sa hannu.

Ya yi tari kaɗan, muryarsa ba ƙarfi amma ta fita sarai. Ya ce, "Ba ko ɗaya. Ina kallonka kana ta bayani a jikin firiji, sai na tuna in na mutu kai za a ba wa'azin jana'izata, kuma da ƙyallen nan za ka zo."